Me ya sa hasashen ingancin iska yake yawan saɓawa, kuma me ake yi a gyara shi?

Ummu_Sadiq ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, don Allah masana ku taimaka min da bayani. Yarona yana da asma, likita ya ce in riƙa duba ingancin iska kafin in bar shi ya fita guje-guje musamman da safe, shine na sauke manhajoji biyu a waya masu nuna lambar nan ta AQI, wato ma'aunin ingancin iska, da hasashen gobe da jibi. Toh abin da yake ɗaure min kai su biyun da kyar suke yarda da juna, wannan ta nuna ruwan ɗorawa waccan ta nuna ja, wuri ɗaya lokaci ɗaya fa. Sannan hasashen ma kansa, za a ce gobe iska lafiya lau, gari ya waye ka leƙa waje ko ginin da ke tsallaken titi ba ka gani sosai saboda hazo, sai can da rana lambar ta canza ta koma ja bayan yaro ya riga ya shaƙa.

Ni abin da ban gane ba, hasashen ruwan sama a wayar nan tawa yana ƙoƙari wallahi, in an ce da yamma za a yi ruwa yawanci ana yi ko a ga hadari, to me ya sa na iska ya kasa haka? Ba tauraron ɗan adam ɗaya suke kallo ba? Kuma wai akwai abin da ake yi don a gyara ko haka za a ci gaba da yi mana shaci-faɗi? Ina son in fahimci yadda abin yake aiki ne sosai, ba wai a ce min "ki sa masa takunkumi" kawai ba, wannan na sani.

Injiniya_Bash ya rubuta:

Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Tambayar nan taki ita ce ainihin ciwon kan masu wannan fanni, bari in ɗan zuba, ki yi haƙuri da tsawo.

Farko dai ki sani lambar da kike gani a waya sau da yawa ba awo ba ne. In babu na'urar awo kusa da ke, manhajar ba za ta ce miki babu ba, sai ta ɗauko lamba daga model, wato lissafin kwamfuta da yake kwaikwayon yadda iska take tafiya da abin da ta ɗauko. Yawancinsu daga wurare kaɗan suke ɗebowa, babba a ciki shine CAMS na Tarayyar Turai wanda cibiyar hasashen yanayi ta ECMWF take gudanarwa, yana fitar da hasashen kwana 5 na duniya baki ɗaya sau biyu a rana, sai kuma GEOS-CF na NASA. Shi model yana yanka sararin sama ne akwati-akwati, kowane akwati lamba ɗaya yake da ita. A CAMS na duniya faɗin akwati wajen kilomita 40 ne, na NASA wajen 25. Ki lissafa 40 sau 40, murabba'in kilomita 1,600 kenan duk lamba ɗaya, babbar hanya mai cunkoson tireloli da unguwar masana'antu da dajin da ke bayan gari duk an dama su wuri ɗaya an raba daidai. To ke kuma yaronki ba matsakaicin kilomita 1,600 yake shaƙa ba, na bakin titinku yake shaƙa.

Sai dalilin da ya sa na ruwa ya fi na iska dacewa. Hasashen ingancin iska a kan hasashen yanayi yake zaune, duk kuskuren da aka yi a can ya gaje shi, sannan ya ƙara nasa guda biyu a kai: sai an san me ake fitarwa, sai kuma an san me abin yake rikiɗewa ya zama bayan ya shiga iska.

A ɓangaren yanayi abin da ya fi wahalar da mu ba ma ruwa ba ne ko zafi, kaurin iskar da ke kusa da ƙasa ne, wadda hayaƙi yake gauraya a cikinta. Da rana in ƙasa ta yi zafi wannan shimfiɗar tana iya kai kilomita 1 zuwa 2 ko fiye, hayaƙi ya samu wurin bajewa. Da dare ƙasa ta huce, iska mai ɗumi ta hau kan mai sanyi ta danne ta, sai shimfiɗar ta dawo mita 100 ko 200. Kamar ki kunna gawayi a babban zaure mai dogon rufi da ki kunna shi a ɗan ƙaramin ɗaki a rufe, gawayin ɗaya ne amma shaƙar ba ɗaya ba. Yanzu in model ya ce mita 300 alhali gaskiyar 150 ce, kusan rabin gurɓatar da ke wurin zai nuna miki, kuma daidai asuba zuwa hantsi wannan kuskuren ya fi yawa, lokacin da kike buƙatar lambar kenan. Irin wannan dannewar ce ta yi ɓarna a Landan a Disamban 1952, kwana 5 hayaƙin kwal ya kasa tashi, aka fara ƙiyasta mutum 4,000 suka rasu, daga baya bincike ya kai adadin wajen 12,000.

Na biyu kundin abin da ake fitarwa. Babu wanda yake tsaye a bakin salansar kowace mota yana awo, ƙiyasi ake yi: man da ƙasa ta sha a shekara, yawan motoci, yawan masana'antu, a ninka da abin da ake zaton kowanne yana fitarwa, a rarraba a taswira bisa yawan jama'a. Akwai kundaye na duniya irin su EDGAR, amma kullum suna bayan zamani da 'yan shekaru, kuma abubuwan da ba a rubuta su a ofis kamar ƙona shara, girki da itace, janareto, ƙurar hanyar da ba kwalta, duk da ka ake cike su. Ko a inda ake da takardu tsaf ma ana shan mamaki, a 2015 aka gano wasu motocin dizal na Volkswagen suna fitar da iskar NOx, wato wata iska mai guba da ƙonewar mai a inji take haifarwa, a kan hanya har ninki 40 na abin da dokar Amurka ta yarda, alhali a ɗakin gwaji suna nuna lafiya lau. Duk lissafin da aka gina a kan alƙaluman ɗakin gwaji kin ga ya tashi a karkace tun daga tushe.

Na uku sinadarai. Kaso mai yawa na PM2.5, wato ƙananan ɓurɓushin da faɗinsu bai wuce maikromita 2.5 ba, ba a haka suka fito daga bututu ba, a sama ake haɗa su. Amoniya daga taki da kashin dabbobi ta gamu da hayaƙin mota ko na tashar wuta sai su zama ɓurɓushi. Ozon na ƙasa ma, wato wata iska mai cutar da huhu da ke taruwa kusa da ƙasa, babu mai fitar da shi kai tsaye, hasken rana ne yake dafa NOx da tururin fetur da fenti da makamantansu. Kuma abin ba ya tafiya a miƙe, a kullen korona na 2020 motoci sun ragu, NO2, ɗaya daga cikin NOx ɗin nan, ya faɗi warwas, amma a birane da dama ozon hawa ya yi, saboda wani ɓangare na hayaƙin motar shi yake cinye ozon a tsakiyar gari.

Game da gyara, eh ana yi. Ana ƙanƙanta akwatunan, na yankin Turai yanzu wajen kilomita 10 ne kuma ba model ɗaya ba ne, 11 ake gudanarwa a ɗauki na tsakiyarsu, don an lura tsakiyar taron ta fi kowanne shi kaɗai dacewa a yawancin ranaku. Amma ni a ganina ƙara girman kwamfuta ba shi ne babban maganin ba, in kundin hayaƙinka ƙarya ne to ƙaramin akwati ƙaryar kawai zai zana maka dalla-dalla.

Dan_Gaskiya ya rubuta:

Injiniya duk wannan dogon turancin ai ka tabbatar mana da abin da muke zargi ne, wato zato ne kawai aka sa masa kala. Ni dai Hajiya shawarata ki goge su duka ki leƙa taga, ido ba ya ƙarya, in kin ga gari ya yi fari ki riƙe yaro a gida shikenan. Mutanen da ma da ba su da waya ai sun rayu. Masu manhajojin nan talla suke nema da kuma su sayar miki da na'urar tace iska.

Anti_Zee ta rubuta:

Dan_Gaskiya a nan kam ban bi ka ba ɗan uwa. Ido yana ganin hazo mai kauri, gaskiya ne, amma ozon fa? Ranar da sama ta yi garau rana ta take, ranar ce ma ozon ya fi yawa, kuma yana daga cikin masu tayar da asma. PM2.5 ɗin ma Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2021 cewa ta yi kada matsakaicin yini ya wuce maikrogiram 15 a kowace kyubik mita, na shekara kuma 5. Wallahi a 30 ko 40 za ka leƙa taga ka ce gari lafiya. Sannan taga yanzu take nuna maka, ba ta gaya maka gobe, ita kuma tana so ta shirya ne tun dare. Zancen mutanen da kuma, hukumar ta ƙiyasta mutum miliyan 4.2 suka mutu kafin lokaci a 2019 saboda gurɓatar iskar waje kaɗai, kawai dai ba a rubuta "iska" a takardar mutuwa, ana rubuta zuciya ko huhu ko shanyewar ɓarin jiki.

Ummu_Sadiq 'yar uwa, bari in amsa miki na farkon da Injiniya ya tsallake, batun ruwan ɗorawa da ja. Kafin ki zargi model duba ma'aunin da kowace manhaja take amfani da shi, don AQI ba abu ɗaya ba ne a duniya, ƙasashe da dama kowace da nata. Misali PM2.5 ya kai 60. A ma'aunin Amurka wannan ja ne, ya haura 150, ba lafiya ga kowa. A ma'aunin Indiya 60 ɗin nan daidai 100 ne, rukunin da suke kira mai gamsarwa. A na Sin na shekarar 2012 sai ya kai 75 yake zama 100. Iska ɗaya, hukunci uku. Don haka ki shiga saitin ki sa ta nuna miki ainihin maikrogiram ɗin, ki manta da kalar. In bayan haka ma sun saɓa to ɗaya tana karanta na'ura ɗaya tana karanta model, ko kuma na'urori daban-daban.

Ni aikina a ɓangaren na'urorin awo ne kuma abin da Injiniya ya ƙare da shi nan nake so in ɗora. Model ba ya gyaruwa sai an samu abin da za a gwada shi da shi. A Turai da Amurka da Sin akwai dubban tashoshin awo na hukuma, kullum ana ɗora hasashen jiya a kan awon yau, in aka ga a wuri kaza model kullum yana ragewa da asuba yana ƙarawa da yamma sai a koya wa kwamfuta wannan halin nasa ta riƙa gyarawa kafin a fitar wa jama'a. Wannan gyaran karkatar ba shi da wani kwarjini, ba a yi masa taron manema labarai, amma yana cikin abubuwan da suka fi rage kuskure. To ina za ka yi shi a inda babu tasha? Akwai ƙasashe da dama musamman a Afirka da ba su da tashar hukuma ko ɗaya mai fitar da alƙaluma a fili. Wasu biranen ma na'urar ofishin jakadancin Amurka ce kaɗai abin dogaro, shirin da ya faro daga Beijin a 2008, kuma a Maris 2025 aka sanar da daina raba waɗannan alƙaluman saboda kuɗi. Kin ga an ƙara rufe ido a inda dama gani ya yi ƙaranci.

Shi ya sa ƙananan sensa masu araha suka shigo, irin su PurpleAir, da kuma aikin AirQo na Jami'ar Makerere a Yuganda da suke ƙera nasu suna kafawa a birane. Amma a san halinsu. In ka buɗe ɗaya za ka ga ɗan fanka ƙarami yana zuƙo iska ta wuce gaban hasken leza, ɓurɓushi ya watsa hasken, na'urar ta ƙiyasta nauyi daga yadda hasken ya watsu. Ba auna nauyi take ba, ƙiyasi ne. Ranar da iska take da laima ɓurɓushin yana shan ruwa ya kumbura sai ta ƙara lamba. Ranar ƙura kuma akasin haka, manyan ƙwayoyin ba sa shiga da kyau kuma ba ta ganinsu sosai, sai ta rage, wani lokaci ragi mai yawa. Ga gizo-gizo da yake son yin saƙa a bakin, ga wanda zai kafa tasa kusa da inda ake kunna janareto duk unguwa ta koma ja a taswira saboda shi. Na'urar hukuma ita kuma a kan wani farin tef take tara ƙurar awa guda ta auna, in ka ja tef ɗin za ka ga ɗige-ɗige a jere, wani fari-fari wani toka wani baƙi ƙirin, kowane ɗigo awa ɗaya. Hanyar da ta dace ita ce a ajiye ƙananan kusa da babbar na wani lokaci, a rani da damina duka, a fitar da lissafin gyara, sannan a watsa su cikin gari. Hukumar kare muhalli ta Amurka haka ta yi kafin ta sa alƙaluman PurpleAir a taswirarta ta hayaƙin gobara. Babbar tasha ɗaya da ake kula da ita da ƙanana masu yawa a kewaye ta fi ƙanana ɗari da babu wanda ya taɓa gwada su.

Sabon_Dalibi ya rubuta:

Salam manya, ni ɗalibi ne ina shekarar ƙarshe kuma a kan wannan nake son yin furojet. Anti da girmamawa, ba ki ganin zancen kafa tashoshi ya kusa zama tsohon yayi? Tauraron ɗan adam yana ganin ko'ina, ga kuma AI, wato ƙirƙirarriyar basira, yanzu an ce tana hasashen yanayi cikin minti ɗaya abin da babbar kwamfuta take awanni a kai. Me zai hana a haɗa su biyun kawai a huta da sayen na'ura da gyaranta?

Injiniya_Bash ya rubuta:

Ƙanena tambaya mai kyau, kuma kusan kowa da ita yake shigowa. Tauraro daga sama yake leƙowa, abin da yake gani jimillar duk abin da ke tsakaninsa da ƙasa ne, tun daga saman sararin har bakin hancinka a dunƙule. Bai san ko ƙurar tana kilomita 4 a sama tana wucewarta ko tana ƙasa ana shaƙa ba. A Yunin 2020 da gagarumar ƙurar Sahara ta tsallaka Tekun Atlantika har Karibiyan, yawancin tafiyar a can sama ta yi ta. Don ka mayar da abin da tauraro ya gani zuwa abin da mutum yake shaƙa dole ka koma wa model ya gaya maka tsayin, shi kuma model dole a gwada shi da awon ƙasa. Ka ga an zagayo wurin Anti.

Ga kuma lokaci. Tauraron Sentinel-5P da aka harba a Oktoban 2017, na'urarsa TROPOMI tana ganin NO2 da kyau ƙwarai har ka gane manyan birane da tashoshin wuta a hoto, amma sau ɗaya yake wucewa a yini wajen ƙarfe 1:30 na rana, daidai lokacin da iska ta fi bajewa. Cunkoson safe bai gani ba, girkin dare bai gani ba, in akwai gajimare ma ranar ta tafi a banza. A arewacin Indiya inda ake ƙona karan shinkafa a Punjab da Haryana a Oktoba da Nuwamba hayaƙin ya rufe Delhi, masu bincike sun lura ƙonawar tana komawa can yamma bayan taurarin da ke ƙirga wuta sun wuce, sai ƙirgar ta nuna wuta ta ragu alhali hayaƙin yana nan. Model ɗin da ya dogara da ƙirgar zai ce gobe da sauƙi.

Maganin wannan shine taurarin da suke tsaye a kan yanki ɗaya suna kallo kowace awa da rana. Koriya ta Kudu ta harba GEMS a 2020 yana kallon Asiya, NASA ta harba TEMPO a 2023 na Arewacin Amurka, Turai ta harba Sentinel-4 a 2025. Ka duba taswirar ka ga wa aka bari: Kudancin Amurka da mafi yawan Afirka. Wuraren da ba su da tashoshin ƙasa su ne kuma ba su da mai kallonsu daga sama kowace awa.

Tunda Hajiya ta ambaci hazo bari in taɓa ƙura, don ita daban take da hayaƙi. Ba a rubuta ta a kundi, model ne da kansa yake lissafa nawa za ta tashi daga ƙarfin iska da yanayin ƙasa. Kuma tashinta ba daidai take tafiya da gudun iska ba, sai iska ta kai wani mataki kafin ta fara ɗagawa, daga nan kuma tana hawa kusan da gudun sau kansa sau kansa. Ma'ana kuskuren kashi 10 cikin 100 a gudun iska yana iya zama kusan kashi 33 a yawan ƙura. Dubi kwarin Bodele a Chadi, wanda ake lissafawa a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, busasshen gindin tsohon tafki ne, iska tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta fito da ƙarfi, kuma da hantsi take saukowa ƙasa ta kwashi ƙurar. Model mai manyan akwatuna yana lallatsa duwatsun su zama tudu, iskar ta yi laushi a lissafi, ƙurar ta ragu. Wanda ya fi wannan wuya shine bangon ƙurar da hadari yake turowa gabansa, shi yawancin model na duniya ba sa ma iya haifar da shi don hadarin ya fi akwatinsu ƙanƙanta. Akwai cibiya a Basalona ƙarƙashin Hukumar Yanayi ta Duniya da take tara hasashen ƙura na model daban-daban na Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya da Turai tana gwada su, ka leƙa shafinsu ka ga yadda suke rarrabuwa a rana ɗaya, zai ishe ka darasi.

AI kuma ban raina ta ba ko kaɗan. ECMWF da kanta ta fara amfani da nata mai suna AIFS a hukumance a Fabrairun 2025, Microsoft kuma ta fitar da Aurora da yake hasashen gurɓatar iska na kwana 5 cikin ɗan lokaci kaɗan. Saurin yana da amfani sosai, za ka iya gudanar da hasashe sau da yawa ka ga iya inda abin zai iya kaiwa. Amma tambayi kanka da me aka koyar da shi? Ɓangaren gurɓatar iskar da alƙaluman CAMS aka koyar da shi. Inda CAMS yake da awo mai kyau ya koyi gaskiya, inda CAMS yake cike gurbi da zato ya koyi zaton, zai dai maimaita maka shi da sauri. Sannan abin da bai taɓa gani ba yana ba shi wuya, irin hayaƙin gobarar dajin Kanada da ya mayar da samaniyar New York ruwan lemo a Yunin 2023, ko a wayi gari an sa dokar da ta canza man da motoci suke sha. In furojet kake so mai amfani, nemi tasha ɗaya mai alƙaluma a OpenAQ, shafin da ke tara awon tashoshin iska na ƙasashe daban-daban, sauko da hasashen CAMS na wurin kyauta ne, ka gwada su na shekara guda ka ga a wane wata da wace awa suke rabuwa, sannan ka koya wa ƙaramin model gyarawa. Laftof ɗinka ta isa.

Anti_Zee ta rubuta:

Sabon_Dalibi ƙari a kan na Injiniya, in za ka yi gwajin kada ka yarda da maki mai daɗin ji. Ka fara gwada model ɗinka da hasashen malalaci, wato "gobe kamar yau". Za ka sha mamakin yadda wannan yake cin maki, don yawancin ranaku da gaske kamar jiya suke. Hasashen da bai doke shi ba bai yi komai ba. Kuma matsakaicin kuskure na shekara yana ɓoye abin da ya fi muhimmanci, ranakun tsanani ne suke kai mutane asibiti kuma su ne model ya fi kasawa a kai, yawanci yana rage su. Ka ƙirga daban: sau nawa aka yi mummunar rana bai faɗa ba, sau nawa ya yi kururuwa ba abin da ya faru.

A nan ma ni da Injiniya muna ɗan saɓawa, shi yana ganin a jira a gyara kundin hayaƙi, ni ina ganin ko da wanda ake da shi yanzu za a iya taimakon mutane in an canza yadda ake faɗa. Masu hasashen ruwa sun daɗe da koya wa jama'a "kashi 70 za a yi ruwa", su kuma na iska sai su ba ka lamba ɗaya ƙwal, 87, kamar sun auna da sikeli. Da za a ce "akwai yiwuwar kashi 40 gobe da safe ta haura matakin haɗari ga masu asma" da uwa ta san yadda za ta yi. Hukumomi ma da hasashe suke yanke hukunci ai, Beijin da ta fara ayyana jan gargaɗi a Disamban 2015 aka rufe makarantu aka rage motoci, bisa hasashen kwanakin da ke tafe ne, kuma kuskure ta kowane ɓangare yana da tsada, ko a tsayar da gari a banza ko a bar yara su fita cikin hayaƙi.

Ummu_Sadiq ta rubuta:

Kai Allah ya saka da alheri, na duba saitin kuwa, ɗaya ma'aunin Amurka take bi ɗayar ba ta ma faɗi nata ba, kuma a ƙasa da ƙaramin rubutu an sa wai ƙiyasi ne daga model. To yanzu a taƙaice da wanne zan yi aiki kafin ku gama gyaran naku?

Injiniya_Bash ya rubuta:

Hajiya ki riƙe wadda take nuna maikrogiram kuma take faɗin inda ta samo lambar. In akwai tashar awo kusa da ke, lambar yanzu daga tasha ki ɗauka, hasashen kuma ki karanta alkiblarsa kawai, zai hau ne ko zai sauka, kada ki riƙe adadin. Na gobe ya fi na jibi, abin da ya wuce kwana 3 ki ɗauke shi a matsayin jita-jita. Babbar ƙura ko hayaƙin da ya taso daga nesa model yana ganin zuwansa da kyau fiye da hayaƙin unguwa, don haka in ya ce gagarumin abu na tafe ki yarda ko da ya saɓa da rabin yini, in ya ce lafiya kuma hancinki yana jin ƙauri to hancinki ne daidai, a nan Dan_Gaskiya yana da rabon gaskiya. Ki duba PM2.5 da ozon daban-daban don lokutansu ba ɗaya ba ne, ɓurɓushi ya fi taruwa da asuba da kuma bayan magariba, ozon kuma daga azahar zuwa la'asar a ranakun zafi. Wanne ne ya fi tayar wa yaron, wannan ki riƙa rubuta ranakun da ya sha inhela da lambar ranar ki kai wa likitansa ya duba.

Anti kuma ban ce a jira ba fa, cewa na yi kashi 40 ɗin naki ma sai an samu tashar da za a gwada shi da ita kafin a san ko 40 ne ko 70.